Na'ura ce ta karkace ko samfurin ne ya canza? Muhawara kan daidaita na'urar auna ingancin ruwa

Malam Auwal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wata na'ura da muke kula da ita a bakin madatsar ruwa, wadda ke zaune cikin ruwan dare da rana tana auna zafi, da pH wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, da ƙarfin ɗaukar lantarki wato EC, da narkakkiyar iskar oksijin, da kuma dagulewar ruwa. Lokaci zuwa lokaci muna ɗibar samfuri mu aika ɗakin gwaje-gwaje domin mu kwatanta. A sakamakon da ya dawo mana, na'urar ta nuna pH 8.1 yayin da ɗakin gwaji ya ba da 7.6, ta nuna dagulewa 42 su kuma suka ba da 31, amma a EC kusan bakinsu ɗaya. Shugaban sashenmu ya ce a shiga saitin na'urar a rage lambobin har su dace da na ɗakin gwaji. Kafin in taɓa komai, ina so in ji ko haka ake yi.

Injiniya Tukur:
Wa'alaikumus salam Malam Auwal. A nawa ganin shugabanku bai kauce hanya ba. Na'urar da ta daɗe a cikin ruwa tana shan rana da laka ba za a haɗa ta da kayan aikin da ke kan tebur a ɗaki mai tsabta ba, musamman idan ɗakin gwajin yana da takardar amincewa ta ISO/IEC 17025. Idan an zo gaban hukuma, takardar ɗakin gwaji za a nema, ba allon na'urarka ba. Ka gyara bambancin ka ci gaba da aiki.

Malama Rakiya:
Injiniya, da girmamawa, ban yarda ba, duk da cewa aikina a ɗakin gwaji yake kuma ya kamata a ce ni ce mai kare martabarsa. Takardar amincewar da ka ambata tana shaida cewa mun auna abin da ke cikin kwalbar daidai a lokacin da kwalbar ta iso hannunmu. Ba ta shaida cewa ruwan kwalbar shi ne ruwan da na'urar ta gani a lokacin ɗiba. Wannan bambancin shi ne tushen maganar baki ɗaya.

A ɗauki pH. A ƙa'idar Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wadda ɗakunan gwaji da yawa ke bi, ana son a auna shi cikin minti 15 da ɗibar ruwa, kuma dalilin a fili yake: pH na ruwan kogi ko tafki ya dogara ƙwarai da yawan iskar kabon dayoksaid da ke narke a cikinsa. Da rana, ƙananan tsirran ruwa suna zuƙe wannan iskar, sai pH ya hau. Da zarar an rufe ruwan a kwalba an sa shi a akwatin sanyi mai duhu, zuƙar ta tsaya, numfashin ƙwayoyin halitta kuwa bai tsaya ba, sai iskar ta taru pH ya sauka. Ruwan rijiyar burtsatse akasin haka yake yi: yakan fito da iskar mai yawa, idan ya haɗu da sarari ta fice, sai pH ya hau. Saboda haka 8.1 a cikin madatsa da 7.6 a kan teburinmu suna iya zama gaskiya dukkansu.

Abin lura shi ne awon da suka dace a kansa, wato EC, shi ne wanda ba ya saurin canzawa, domin samfurinsa yakan jure har kwana 28 idan an ajiye shi cikin sanyi. Dagulewa kuma sa'a 48 ce iyakarta, kuma tun kafin nan ƙwayoyin laka sukan manne da juna su kwanta, girgiza kwalbar ba ta mayar da su yadda suke tun farko. Malam Auwal, ina da tambayoyi: yaushe samfurin ke isa ɗakin gwaji, a ina ake ɗibarsa idan aka kwatanta da inda kan na'urar, wato sashenta da ke yin awon, yake, kuma me aka rubuta a gaban lambar dagulewar, NTU ko FNU?

Malam Auwal:
Na gode Malama. Samfurin yakan kwana kafin ya isa. Ana ɗibarsa ne da bokiti daga gefe, na'urar kuma tana rataye can ƙasa kusa da bututun jan ruwa. Na duba: tamu FNU take rubutawa, takardar ɗakin gwaji kuma NTU.

Malama Rakiya:
To, a dagulewar ma ba abu ɗaya ake aunawa ba. FNU na nufin na'urar tana haska ruwan da hasken infrared mai tsawon zango kusan nanomita 860, bisa ƙa'idar ISO 7027, ita kuwa NTU a al'ada ta na'urar da ke amfani da farin haske ce. Dukkansu da sinadarin formazin ake daidaita su, don haka a cikin formazin bakinsu zai zo ɗaya, amma a ruwan da ke da launin ruɓaɓɓen ganye, launin yakan shanye wani kaso na farin haske ya sa lambar ta yi ƙasa, alhali bai cika damun infrared ba. Babu wata lamba ɗaya da za a ninka da ita a mayar da wannan ya zama wancan a kowane ruwa.

Malam Isa:
Bayanin Malama Rakiya ya wanke na'urar daga wani ɓangare na zargi, amma bai tabbatar da cewa lafiyarta ƙalau ba, kuma wannan ne nake so in tsaya a kai. Na'urar da ke zaune cikin ruwa tana da cuta iri biyu da ba su da alaƙa da juna. Ta farko dauɗa ce: gansakuka, laka, ƙwan ƙwari, wani lokaci har ƙananan katantanwa a cikin murfin kariya. Ta biyu zamewar saiti ce, wato tsufan kan awon da kansa. Wanda ya rage lamba a saiti don ta dace da takardar ɗakin gwaji bai san wace cuta yake yi wa magani ba, kuma idan dauɗa ce, ya yi kitso da ƙwarƙwata, domin ranar da aka wanke na'urar gyaran nan zai koma kuskure.

Tsarin da Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, USGS, ta shimfiɗa a jagorarta ta shekarar 2006 kan irin waɗannan na'urori shi ne ya fi gamsar da ni, kuma sirrinsa yana cikin jerin aikin. Idan ka isa wurin, kada ka taɓa na'urar. Ka sauke wata ƙaramar na'urar hannu da ka daidaita a wannan ranar kusa da ita, ka jira lambobin su natsu, ka rubuta na dukkansu biyun. Sannan ka ciro ta ka duba da idonka. Tagar da ke auna dagulewa ƙarama ce, ba ta wuce faɗin farce ba, kuma siririn zaren gansakuka guda da ke kaɗawa a gabanta ya isa ya sa lambar ta riƙa tsalle; ramukan kan EC kuma sai an zura ɗan buroshin da ya zo da na'urar, domin lakar da ta toshe su ba ta ganuwa daga waje, kuma yawanci ƙasa take jan lambar. Ƙwallon gilashin pH ba a goge shi da ƙarfi, ana ɗauraye shi ne a hankali. Bayan wankewa ka mayar da ita inda take, ka sake rubuta lambobin na'urorin biyu. Bambancin kafin wanki da bayan wanki, idan aka cire canjin da ruwan ya yi da kansa wanda na'urar hannu ta nuna, shi ne kuskuren dauɗa. Daga nan ne za ka sake ciro ta ka sa ta cikin ruwan ma'auni, wato ruwan da aka riga aka san lambarsa, ka rubuta abin da ta nuna kafin ka danna maɓallin daidaitawa. Wannan shi ne kuskuren zamewa.

Jagorar ta kuma ba da iyakar da idan ba a wuce ta ba, ba sai an sake daidaitawa ba: digiri 0.2 a zafi, 0.2 a pH, miligiram 0.3 cikin lita a oksijin, kashi 3 cikin ɗari ko µS/cm 5 a EC, kashi 5 cikin ɗari ko 0.5 a dagulewa, a biyun ƙarshe ana ɗaukar wanda ya fi girma. Yawan danna maɓallin daidaitawa ba tare da buƙata ba shi ma yana shigar da nasa kuskuren.

Injiniya Tukur:
Na karɓi batun pH da tsufan samfuri, hujja ce mai ƙarfi. Sai dai Malam Isa, ka ɗora komai a kan ruwan ma'auni kamar shi ba ya lalacewa. Na sha ganin kwalbar bafa, wato ruwan ma'aunin pH, ta lamba 10 da aka buɗe tun da daɗewa, tana yawo a bayan mota cikin zafi, murfinta ba ya rufuwa sosai, kuma kowa ya san tana zuƙar kabon dayoksaid daga iska ta sauka ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta. Idan an daidaita babbar na'ura da na'urar hannu da wannan kwalbar guda, za su yarda da juna sarai alhali dukkansu sun ɓata. Wane ne zai tona wannan in ba ɗakin gwaji ba? Shi ya sa ba na son a fita daga muhawarar nan da tunanin cewa samfurin ɗakin gwaji ba shi da amfani.

Malama Rakiya:
Wannan gaskiya ce Injiniya, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci zuwa yanzu. Amsata ita ce a yi amfani da ɗakin gwaji ta hanyar da zai iya amsa ta. Maimakon a aiko mana ruwan madatsa a ce mu auna pH, a aiko mana ragowar bafar da ake aiki da ita a fili, ba tare da an gaya mana lambarta ba, mu auna ta da sabuwar tamu. Bafa ba ta canzawa a kwana ɗaya kamar ruwan kogi. Haka ma ruwan ma'aunin EC. Sanannen nan na potasiyum kulorayid mai ƙarfin mola 0.01 ya kamata ya nuna µS/cm 1413 a digiri 25 na Selsiyas, kuma idan an bar shi a buɗe ruwansa ya ƙafe, sama zai yi. Wanda aka zuba a kofin daidaitawa ba a mayar da shi kwalba, a zubar.

Akwai kuma shaidar da kan pH ke bayarwa da kansa, wadda mutane da yawa ba sa dubawa domin na'ura ta rubuta musu cewa daidaitawa ta yi nasara. A duba lambar milivolt (mV), wato ɗan ƙarfin lantarkin da kan ke fitarwa. A digiri 25, lafiyayyen kai yana canzawa da mV 59.16 a kowane mataki ɗaya na pH, don haka tsakanin bafa ta 7 da ta 4 a sa ran kusan mV 177, kuma a bafa ta 7 lambar ta kasance kusa da sifili. Idan tazarar 7 zuwa 4 ta fito daidai amma ta 7 zuwa 10 ta gaza, a fara zargin kwalbar 10 ɗin da Injiniya ya kwatanta. Idan dukkan tazarorin sun ragu, kuma kan yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya natsu, to shi ne ya tsufa. Na'ura tana iya ɓoye wannan tsufan da lissafi na tsawon watanni, shi ya sa nake roƙon a riƙa rubuta milivolt a littafin aiki kowane zuwa. Kada kuma a manta bafar kanta tana bin zafi: wadda take 10.01 a digiri 25 tana kusan 10.06 a digiri 20, teburin yana jikin kwalbar. Idan za a ajiye kan pH, a cikin ruwan ajiyarsa na potasiyum kulorayid ake sa shi, ba a ruwan distil, wato wanda aka raba shi da kowane gishiri, ba, domin ruwan distil yana tsotse gishirin da ke cikinsa.

Nafi'u:
Malamai, ni ɗalibi ne, ina bin bayananku tun farko kuma ina ƙaruwa. Ina da tambaya biyu idan kun ba ni dama. Ta farko, ita oksijin da babu kwalbar ma'auninta, da me ake daidaita ta? Ta biyu, a aikin da nake yi na kwatanta na'ura da ɗakin gwaji na samu R² na 0.98, shin wannan bai isa shaida cewa na'urar daidai take ba?

Malam Isa:
Nafi'u, oksijin da iska ake daidaita ta. Ana zuba ɗan ruwa kaɗan a gindin kofin daidaitawa yadda ba zai taɓa kan awon ba, a sassauta murfin don kada matsin ciki ya bambanta da na waje, a share ɗigon ruwa daga fuskar kan, a ajiye a inuwa har zafin ya daina motsi. Iskar da ke cikin kofin ta ƙoshi da laima, ita ce kashi 100. Tarkon yana wajen matsin iska. Lambar da ake gani a rahoton yanayi an riga an mayar da ita kamar a bakin teku ake, ita kuwa na'urar matsin wurin da take tsaye take buƙata. A digiri 25 a bakin teku, ruwan da ya ƙoshi yana ɗauke da miligiram 8.26 cikin lita, amma a wurin da ya kai mita 500 sama da teku kusan 7.8 ne, don haka wanda ya shigar da lambar rahoton yanayi ya riga ya wuce iyakar 0.3 tun kafin ya mayar da na'urar ruwa. Idan ana son duba sifili, ana narka sodiyum salfayit a ruwa. Idan kuma ana son shaidar sinadari, hanyar Winkler ta auna oksijin tana nan tun 1888, amma sharaɗinta shi ne a zuba sinadaran da ke ɗaure oksijin ɗin a bakin ruwan nan take, cikin kwalbar da babu ko kumfa ɗaya.

Wani abu kan jeri: a fara da duba zafi, domin duk sauran awon sun jingina da shi, EC kaɗai tana canzawa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri. Sannan EC kafin pH, domin bafa tana da gishiri mai yawa, ɗigonta kaɗan ya isa ya ɓata ruwan ma'auni mai ƙaramar lamba.

Malama Rakiya:
Tambaya ta biyu kuma, ƙanena, R² yana nuna cewa lambobin biyu suna hawa da sauka tare, ba ya nuna cewa sun yi daidai. Na'urar da kullum take ninka gaskiya sau biyu za ta ba ka R² cikakke. Ka cire lambar ɗakin gwaji daga ta na'ura a kowane samfuri, ka zana bambancin, ka ga ko yana tsaye a gefe ɗaya ko yana girma yayin da lambobin ke girma.

Wannan ya kawo mu inda nake ganin Injiniya Tukur yana da cikakkiyar gaskiya, wato awon da na'ura ba ta yin sa kai tsaye. Na'urar dagulewa haske take aunawa, ba nauyin laka ba. Idan ana son sanin miligiram nawa na laka ke cikin lita, dole a tace samfuri a busar a auna a ɗakin gwaji, sannan a gina dangantaka tsakanin lambobin biyu, kuma dangantakar ta wannan ruwan ce kaɗai, domin lallausan yumɓu yana watsa haske fiye da yashi mai nauyi ɗaya da shi. Haka lambar narkakkun gishiri, TDS, da na'ura ke nunawa: EC ce kawai aka ninka da wata lamba, yawanci tsakanin 0.55 da 0.75, kuma ba a sanin ta wurin sai an ƙafar da samfuri an busar a digiri 180 an auna. Na'urar naitiret mai aiki da hasken ultraviolet ita ma launin ruwa da laka suna ruɗa ta. A nan ɗakin gwaji shi ne alƙali, da sharaɗi biyu. A ɗebi samfurin dab da kan na'urar, a zurfinta, ba da bokiti daga gefe ba. Kuma samfuran su ratsa dukkan yanayin ruwan, har da lokacin ambaliya da ba a son fita, domin layin da aka gina da samfuran ruwa mai kwanciya ba shi da ta cewa idan dagulewa ta haura ɗaruruwa. Game da naitiret, a duba ko takarda ta ba da shi a matsayin naitiret ne ko a matsayin naitirojin, domin tsakaninsu ninki 4.43 ne; iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ta miligiram 50 cikin lita ita ce kusan 11 a lissafin naitirojin.

Injiniya Tukur:
Madalla. To a irin waɗannan, tunda na'urori da yawa suna da wurin shigar da gyaran da ya dace da ruwan wurin, me zai hana a shigar da shi ciki, mai kula da matatar ruwa ya ga lambar da aka gyara a allonsa kai tsaye? Shi ba shi da lokacin buɗe kwamfuta ya yi lissafi da tsakar dare.

Malam Isa:
A nan za mu ci gaba da saɓani Injiniya. Ni na fi son na'urar ta zauna a kan ruwan ma'auni kawai, ta adana lambobinta na asali, gyaran kuma a yi shi a manhajar da ke karɓar bayanan, inda allon mai kula zai iya nuna lambar da aka gyara ba tare da an rasa ta asali ba. Dangantakar da aka gina da samfuran bana za ta canza idan an ƙara na baɗi, kuma idan an cusa tsohuwar a cikin na'ura, ba za a iya komawa a gyara tarihin ba sai da wahala. Idan tsarinku ba ya ba da wannan damar, aƙalla a rubuta rana da sa'a da lambar da aka shigar.

Injiniya Tukur:
Inda manhajar take da wannan damar na yarda. Inda babu, ni dai zan shigar, in rubuta.

Malam Auwal:
Allah ya saka da alheri, ba zan taɓa saitin ba sai na bi jerin da Malam Isa ya bayar, kuma zan aika ragowar bafarmu a duba. Saura abu ɗaya: idan na tarar dauɗa ta ƙara wa dagulewa lamba, ya zan yi da bayanan da aka riga aka tara tun zuwan da ya gabata?

Malam Isa:
A al'ada ana ɗauka cewa kuskuren ya faro daga sifili ranar wankin da ya gabata ya girma a hankali har zuwa yau, sai a raba gyaran bisa tsawon lokacin, na farko-farko ya samu kaɗan, na ƙarshe ya samu cikakke. Amma ka fara duba zanen bayanan. Idan ka ga lambar ta yi tsalle a dare ɗaya bayan ruwan sama ta zauna a can, to laka ce ta rufe kan a wannan daren, daga nan gyaran zai fara. Idan kuskuren ya yi yawa, jagorar USGS ta sa iyakar kashi 30 cikin ɗari a dagulewa da EC, wanda ya wuce haka a yi masa alama a ajiye shi gefe, kada a goge. Yawan dauɗar da ka tarar kuma shi zai gaya maka ko tazarar zuwanku ta yi nisa. Lokacin zafi gansakuka ta fi saurin kamawa, kuma naɗa tef ɗin tagulla a jikin murfin kariya yana rage ta.

Malama Rakiya:
Ƙari kaɗan ga mai ɗibar samfuri: lokacin da zai rubuta a jikin kwalba ya kasance na agogon na'urar, ba na wayarsa ba, sai dai idan an tabbatar sun yi daidai. Bayan ruwan sama dagulewa tana iya ninkawa cikin rabin sa'a, kuma idan an haɗa samfuri da layin da ba nasa ba, bambancin zai fito kamar laifin na'ura ne. Lokaci-lokaci kuma a cika kwalba biyu daga ɗiba ɗaya a ba su lambobi daban, domin a san iya saɓanin da mu kanmu muke yi a ɗakin gwaji.